Tarihi da Tsarin Ginin Tsohuwar Kotun Grand-Bassam a Ƙasar Kodebuwa

1.0 Gabatarwa

Duk garin da aka kafa mulki, ba a rasa wurin da aka keɓe domin yanke hukunci tsakanin jama'a. Yadda aka gina wannan wuri, da unguwar da aka ajiye shi, da irin mutanen da aka yarda su shigar da ƙara a cikinsa, duk suna nuna matsayin talaka a idon masu mulki. Wannan takarda za ta yi nazarin wani gini irin wannan, wato tsohuwar kotun garin Grand-Bassam da ke ƙasar Kodebuwa, wadda Faransawa suka gina a shekarar 1911. Za a dubi tarihin garin, da tsarin ginin, da irin shari'ar da aka yi a cikinsa, sannan a kawo shari'ar shekarar 1950 wadda ta samo asali daga unguwar Treichville ta birnin Abijan. Daga nan za a kwatanta shi da wuraren shari'a na ƙasar Hausa. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, an gina kotun ne domin tsirarun mutane, amma waɗanda aka daɗe ana tsare wa ƙofarta su ne suka sa tarihi bai manta da ita ba.

2.0 Garin Grand-Bassam

Grand-Bassam gari ne da ke bakin tekun Atlantika, kimanin kilomita 40 gabas da Abijan, kusa da inda kogin Comoé yake gangarowa teku. Tsohon garin yana zaune ne a kan wani zirin rairayi, teku ta kudu, tafkin Ouladine ta arewa. Tun kafin zuwan Turawa akwai masunta da 'yan kasuwa a wurin, musamman ƙabilun Abouré da N'zima. A shekarar 1842 Faransawa suka ƙulla yarjejeniya da sarkin wurin, a shekarar 1843 kuma suka kafa sansanin soja da suka kira Fort Nemours.

Lokacin da aka ayyana Kodebuwa a matsayin ƙasar mallakar Faransa a shekarar 1893, sai aka mai da Grand-Bassam hedikwata, aka naɗa Louis-Gustave Binger gwamna na farko. Sai dai hedikwatar ba ta daɗe a nan ba. A shekarar 1899 annobar cutar shawara ta ɓarke, ta hallaka mafi yawan Turawan da ke zaune a garin. Wannan ya sa a shekarar 1900 aka mayar da mazaunin gwamna Bingerville, wani wuri mai tudu da ake ganin ya fi lafiya.

A nan mai nazari zai iya tambaya, me ya sa aka gina babbar kotu a garin da gwamna ya yi wa ƙaura shekara goma sha ɗaya da suka wuce? Amsar tana ga kasuwanci. Gwamna ya tashi, amma kuɗi ba su tashi ba. A shekarar 1901 aka buɗe wata doguwar gadar ƙarfe da ta kutsa cikin teku, inda ake sauke kaya da lodi, domin igiyar ruwan wurin ba ta barin manyan jirage su matso gaɓa. Ta nan ake fitar da katako da manja da kwakwar manja da ɗanyen roba, daga baya kuma koko da kofi. Manyan kamfanonin Faransa irin su CFAO suna da rassa da rumbuna a garin. Inda kuwa aka tara dukiya da bashi da takardun ciniki, nan rigima take, nan kuma ake buƙatar alƙali.

3.0 Tsarin Ginin

Tsohon garin, wanda ake kira Quartier France, wato unguwar Faransa, an tsara shi ne kashi huɗu: wurin ofisoshin mulki, da wurin gidajen Turawa, da wurin kantuna da rumbuna, sai kuma ƙauyen N'zima a gefen gabas. Kotun tana cikin ɓangaren ofisoshin mulki, tare da gidan gwamna na shekarar 1893 da gidan waya da ofishin kwastan. Tun daga mazauninta ke nan mutum zai gane cewa ita ɗaya ce daga cikin kayan aikin gwamnati, nesa da inda baƙar fata suke kwana suna tashi.

Ginin dogon bene ne mai kusurwa huɗu, da hawan ƙasa da na sama, kuma yana cikin manyan gine-ginen unguwar. Abin da ya fi fitowa fili a jikinsa shi ne baranda mai jerin ginshiƙai, sama da ƙasa. Wannan salo ne da ya game gine-ginen gwamnati na garin, kuma kowane sashe nasa yana da dalili:

(a) Baranda tana hana rana dukan bangon ɗaki kai tsaye, tana kuma kare shi daga feshin ruwan sama, wanda yake da yawa ƙwarai a wannan yanki. A kotu, baranda tana da wani amfani na daban, domin nan ne masu ƙara da shaidu da 'yan rakiya suke jira.

(b) Manyan ƙofofi da tagogi da ke fuskantar juna suna barin iskar teku ta ratsa ɗaki ta fita ta ɗaya gefen. A zamanin da babu fanka mai lantarki balle na'urar sanyaya ɗaki, wannan ita ce dabarar rage zafi da gumi.

(c) Ɗaga rufi sama sosai yana sa iska mai zafi ta hau, ta bar mutanen da ke zaune a ƙasa.

(d) Barin fili da itatuwa tsakanin gini da gini ya biyo bayan tsoron annoba ne. Turawan da suka ga abin da ya faru a shekarar 1899 sun ɗauki cunkoso da rashin iska a matsayin abokan cuta.

Akwai bambanci kuma tsakanin gine-ginen farko da na baya. Gidan gwamna na shekarar 1893 an ƙero sassansa ne a Turai, aka kawo su ta jirgin ruwa aka harhaɗa. Zuwa lokacin da aka gina kotun, an koma ga gini mai nauyi na bulo da siminti, wanda yake nuna cewa masu shi sun zo zama ne. Sai dai irin wannan gini yana da abokin gaba a bakin teku. Iska mai gishiri tana shiga jikin siminti, ta sa ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura, har bango ya tsage. Muddin aka daina kula da shi, lalacewarsa ba ta ɗaukar lokaci.

4.0 Wa Ake Yi wa Shari'a a Ciki?

Ba za a fahimci wannan gini ba sai an san yadda Faransa ta raba mutanen ƙasashen da ta mallaka gida biyu. Akwai waɗanda doka ta kira 'yan ƙasa, wato Faransawa da wasu tsirarun 'yan Afirka, musamman haifaffun garuruwa huɗu na Senegal: Dakar da Saint-Louis da Gorée da Rufisque. Sauran jama'a kuwa, waɗanda su ne kusan kowa da kowa, talakawan mallaka ne kawai.

Dokar ranar 10 ga Nuwamba, 1903, wadda ta tsara shari'a a Afirka ta Yamma ta Faransa, ta kafa layi biyu. Layin farko shi ne kotunan Faransa, masu ƙwararrun alƙalai da lauyoyi da mai gabatar da ƙara, ana kuma ɗaukaka ƙara zuwa Dakar. Waɗannan na Turawa ne da masu matsayi irin nasu, da duk shari'ar da ta shafe su. Layi na biyu shi ne kotunan 'yan ƙasa na ƙauye da na gunduma da na lardi, inda ake cewa ana bin al'ada, amma kwamandan lardi ne yake shugabantar babbar cikinsu. Wato mutumin da yake karɓar haraji yake ɗibar 'yan aikin tilas, shi ne kuma alƙali.

Bugu da ƙari, akwai tsarin da ake kira indigénat, wanda ya bai wa jami'in mulki ikon ɗaure talaka har kwana goma sha biyar ko cin tararsa ba tare da an je gaban kowane alƙali ba. Laifin yana iya zama jinkirin biyan haraji, ko ƙin fita aiki, ko abin da jami'in ya ɗauka raini ne. Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa sun ɗanɗani wannan tsari, domin Nijar ma a ƙarƙashinsa take.

Kotun Grand-Bassam tana cikin layin farko ne. Ke nan, a shekara talatin da biyar na farkon rayuwarta, lebura da ke sauke kaya a gadar teku ko manomin koko zai iya wucewa ta gabanta kullum, amma yawancin abin da ya shafe shi a wani wuri ake yanke shi. Baƙi Musulmi kuwa, irin su Dyula da Hausawa da Senegalawa da suka cika unguwannin Treichville da Adjamé bayan Abijan ta bunƙasa, sun fi kai rigimar aure da gado da bashi gaban limamai da shugabannin al'ummarsu. A unguwa irin Treichville, harabar babban masallaci da zauren mai gida sun kashe rigingimun da ba su taɓa shiga kundin wata kotu ba.

Al'amura sun sauya a shekarar 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan shekara aka kawar da tsarin indigénat. Ranar 11 ga Afrilu aka zartar da dokar soke aikin tilas, wadda take ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny. Ranar 30 ga Afrilu aka soke kotunan 'yan ƙasa a fannin laifuffuka, aka mayar da kowa ƙarƙashin dokar laifuffuka ta Faransa. Ranar 7 ga Mayu kuma dokar Lamine Guèye ta bai wa mutanen ƙasashen mallaka matsayin 'yan ƙasa. A takarda, ƙofar kotun ta buɗe wa kowa. Abin da ya rage shi ne a ga ta wace fuska za a shigar da su.

5.0 Daga Treichville zuwa Gaban Alƙali

Treichville unguwa ce da ke kudu da tsakiyar Abijan, tafkin Ébrié ya raba su. An raɗa mata sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya yi wa ƙasarsa aikin ƙulla yarjejeniyoyi da sarakuna, ya kuma rasu a shekarar 1890. Bayan an mayar da hedikwata Abijan a shekarar 1934, Turawa suka zauna a unguwar Plateau, 'yan Afirka kuma suka taru a Treichville ta kudu da Adjamé ta arewa. A Treichville ne aka kafa jam'iyyar PDCI a watan Afrilu na shekarar 1946, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a watan Oktoba na wannan shekara.

Da yake wakilan RDA a majalisar Faransa sun haɗa kai da 'yan gurguzu, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke ta abokiyar gaba. Gwamna Laurent Péchoux, wanda ya zo a shekarar 1948, ya ƙarfafa wa jam'iyyun hamayya gwiwa domin karya ta. Ranar 6 ga Fabrairu, 1949, wani tsohon ɗan RDA da ya fice, Étienne Djaument, ya kira taro a Treichville. Taron ya rikiɗe ya zama faɗa, aka yi asarar rai da dukiya. Hukuma ta ɗora laifin a kan PDCI, ta kama mutane da dama, ciki har da shugabanni takwas: Jean-Baptiste Mockey, Bernard Dadié, Mathieu Ekra, Jacob Williams, Albert Paraiso, Philippe Vieyra, Lama Kamara da Séry Koré. Aka kai su kurkukun Grand-Bassam, domin a can kotun manyan laifuffuka take zama.

Wata goma suka yi a tsare ba a gurfanar da su ba. Ranar 12 ga Disamba, 1949, suka shiga yajin cin abinci. Matan jam'iyyar suka fara da ƙaurace wa kantunan Turawa, sannan daga ranar 22 zuwa 24 ga Disamba suka ɗunguma zuwa Grand-Bassam. Da hukuma ta hana motoci ɗaukarsu, da yawa suka taka da ƙafa. Cikin jagororinsu akwai Marie Koré, matar Séry Koré, da Anne-Marie Raggi. Sun nemi ganin mai gabatar da ƙara a kotun, ba su sami biyan buƙata ba. Ranar 24 ga wata suka nufi kurkuku, sai jami'an tsaro suka tare su a gadar da ta haɗa unguwar Faransa da sauran gari, suka watsa musu ruwa da mesa, suka yi musu dūka, aka raunata wasu aka kama wasu, har da Marie Koré. Wannan gada ita ce ake kira Pont de la Victoire, wato gadar nasara, ko da yake a ranar ba a saki kowa ba.

Nasarar ta fito ne ta wata hanya. Labarin ya kai Paris, ya sa ba a iya ci gaba da ajiye fursunonin ba tare da shari'a ba. A watan Maris na shekarar 1950 aka buɗe shari'ar a kotun Grand-Bassam, lauyoyi suka zo daga Faransa domin kare su. An yanke wa wasu hukuncin ɗauri na shekaru, wasu kuma aka yi musu ɗaurin talala. Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. An shirya wannan shari'a ne domin a kunyata shugabannin jam'iyya, sai ta mai da su gwarzaye a idon jama'a. Shekara goma bayan haka, ranar 7 ga Agusta, 1960, Kodebuwa ta sami 'yancin kai a ƙarƙashin wannan jam'iyya.

Rayuwar fursunonin bayan haka abin lura ce. Mathieu Ekra ya zama minista, yana kuma cikin waɗanda suka rubuta baitocin taken ƙasar. Bernard Dadié ya shahara a adabi, ya riƙe ministan al'adu daga shekarar 1977 zuwa 1986, ya kuma wallafa littafin abin da ya rubuta a kurkuku a shekarar 1981. Shi kuwa Jean-Baptiste Mockey, bayan ya riƙe manyan muƙamai, gwamnatin jam'iyyarsa ce ta kama shi a shekarar 1963 bisa zargin shirya juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka yafe masa har ya koma cikin gwamnati. Wannan ya nuna cewa tafiyar Bature ba ta raba shari'a da siyasa ba.

6.0 Yadda Kotun Ta Zama Kango

Kasuwancin da ya kawo kotun shi ne ya tafi da ita. A shekarar 1931 aka buɗe wata gadar teku a Port-Bouët kusa da Abijan. A shekarar 1950 aka kammala haƙa mashigin Vridi, wanda ya haɗa teku da tafkin Ébrié, aka kuma ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Abijan a shekarar 1951. Daga nan jirage suka daina tsayawa a Grand-Bassam, kamfanoni suka kwashe. A shekarar 1954 aka mayar da harkokin shari'a Abijan. Ginin ya shafe shekaru masu yawa ba kulawa, ciyayi suka fito a jikinsa, iskar teku ta ci bango da ginshiƙai. Irin wannan ƙaddara ta sami Zungeru a Nijeriya bayan an mayar da hedikwatar Arewa Kaduna a shekarar 1917.

A shekarar 2012 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Grand-Bassam cikin jerin wuraren tarihi na duniya, saboda tsarin unguwanninsa da salon gine-ginensa da kuma matsayinsa a gwagwarmayar neman 'yanci. Gidan gwamna ya riga ya zama gidan adana tufafin gargajiya tun shekarar 1981. Labarin tattakin mata kuwa, masaniyar tarihi Henriette Diabaté ta tattara shi a littafi a shekarar 1975.

7.0 Kwatanci da Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa, wurin shari'a na asali shi ne zauren alƙali da fadar sarki. Mai ƙara yakan tuɓe takalmi a ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya faɗi bakinsa da harshensa, muhuti yana gefe, dogari yana bakin ƙofa. Inda aka keɓe wa shari'a gini na musamman, sai a raɓa shi da masallaci ko fada. Misali mafi shahara shi ne masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), aka kuma haɗa da ɗakin shari'a a cikin harabarsa.

Ta fuskar gini, magina biyu sun fuskanci zafi, kowa ya bi hanyarsa. Maginin Zariya yana zaune a ƙasa mai zafin rana da sanyin dare, saboda haka ya yi katanga mai kauri da tubali, ya rage tagogi, ya ɗaura rufi da azara a kan bakan gizo, ya bar ƙasa ta riƙe sanyi. Maginin Grand-Bassam yana bakin teku inda gumi ya fi rana damun mutum, saboda haka ya buɗe gini ko'ina domin iska ta wuce. Ta fuskar ma'ana kuwa, kotun Zariya ta jingina da masallaci domin a nuna inda hukuncinta ya samo tushe, ta Grand-Bassam kuma ta jeru da gidan gwamna da kwastan.

Duk da haka, bai kamata a ɗauka cewa kusancin kotu da jama'a yana hana a yi amfani da ita wajen danne 'yan adawa ba. Ingilishi sun bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin hukumar En'e, kuma bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wata biyar kacal bayan shari'ar Grand-Bassam, 'ya'yanta da yawa sun sha ɗauri ta hannun waɗannan kotuna. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama saboda siyasa. Abin da ya sami Marie Koré a bakin teku da abin da ya sami Gambo Sawaba a Arewa, zamaninsu ɗaya, dalilinsu ma kusan ɗaya.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin kotun Grand-Bassam daga gininta a shekarar 1911 zuwa tashinta a shekarar 1954. An ga cewa kasuwancin bakin teku ne ya kawo ta, yanayin wurin da tsoron annoba suka tsara siffarta, dokar mulkin mallaka kuma ta iyakance waɗanda take yi wa aiki. Shekara takwas kawai ta yi tana hukunta kowa a ƙarƙashin dokar laifuffuka ɗaya, kuma shari'ar da aka fi tunawa da ita a wannan ɗan lokaci ita ce ta mutanen da aka kamo daga Treichville. Ga ɗalibin harshe da al'ada, darasin shi ne, idan zai yi nazarin kotu, ko ta ƙasa ce a Zariya ko ta siminti a bakin teku, kada ya tsaya ga ginshiƙi da rufi. Ya bincika wa yake zaune a kan shimfiɗar hukunci, wa ya naɗa shi, da wane harshe ake magana, sannan su wa aka bari a baranda suna jira.